Gasasshen Yumɓu Da Kayan Yanka Shi

Wannan darasi na rubuta shi ne domin 'yan'uwana malamai, musamman waɗanda za a tura su koyarwa ƙasar Jaba da Jama'a da Kagoro da sauran garuruwan kudancin Kaduna. A zamanin nan da wuya ka ratsa wata unguwa a Kafanchan ko Kwoi ba ka ji ƙarar injin yanka tayil ba. In kuwa ka leƙa, sau da yawa za ka tarar mai riƙe da injin, ko mai tsugune kusa da shi cikin ƙura, yaro ne wanda bai daɗe da barin aji ba. Yaran nan namu ne. Kadan ba mu koya musu dalilin abin da hannunsu ke yi ba tun suna gabanmu, za su koye shi da asarar kuɗin mutane, wani ma da asarar idonsa ko huhunsa. Saboda haka na ga ya kamata in tattara abin da malami zai bukata game da wannan sana'a. Zan fara daga Nok, domin a ƙarƙashin gonakinta ne aka tono siffofin gasasshen yumɓu waɗanda ke cikin mafiya daɗewa a duk ƙasashen baƙar fata.

Abin Da Aka Tono A Nok

Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba, watau ƙasar mutanen Ham masu noman citta. A shekarar 1928 masu haƙar kuza a nan suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu mai kama da kan biri. Wani Bature mai suna Kanar Dent Young, wanda ke cikin masu kamfanin haƙar, shi ya aika da shi Jos aka ajiye. A 1943 kuma aka tono wani kai, wannan na mutum ne, a wajen Jama'a. Wani akawun ma'aikatar kuza ya ɗauke shi ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye da birai, har ya shekara yana wannan aiki kafin a kai shi gaban Bernard Fagg, wani jami'in mulki wanda ya yi karatun binciken kayan tarihi a Kambirij ta Ingila. Da Fagg ya gwada shi da wancan na farko sai ya ga aikin al'umma ɗaya ne, ya sa wa al'adar sunan Nok. Shi ne kuma ya kafa gidan ajiye kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

Daga baya Fagg ya yi tono a Taruga, wajen Abuja, ya sami matoyan tama, watau mutanen nan sun san narkar da ƙarfe tun wajen shekara 2,500 da suka wuce, ko da ya ke ba su yar da gatarin dutse ba. Daga 2005 kuma malaman Jami'ar Goethe ta Firankifot a Jamus, bisa jagorancin Peter Breunig, suka shiga bincike tare da ma'aikatan Nijeriya. Su ne suka nuna mutanen Nok sun zauna a wannan ƙasa tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero da wake, sa'an nan suka fara yin siffofin nan wajen shekara 900 kafin haihuwarsa.

To, mene ne haɗin wannan labari da yankan tayil? Haɗinsu shi ne, kan Jama'a da tayil ɗin da ke ɗakinka duka abu ɗaya ne, yumɓu ne da ya shiga wuta. Wanda ya gane halin yumɓu kafin wuta da bayan wuta, ya gane dalilin kowane ƙarfe da ke cikin jakar mai sa tayil.

Halin Yumɓu Uku

Yumɓu yana da hali uku. Na fari, sa'ad da ya ke ɗanye, ko da yatsa ana iya raba shi, zare ma ya yanka shi. Na biyu, sa'ad da ya sha iska, ya yi ƙarfi kamar busasshen sabulu amma bai bushe sarai ba. A nan wuƙa na fere shi, tsinke na huda shi, ba ya kuwa lauyewa. Na uku, sa'ad da ya gasu. Da zarar zafi ya kai wajen digiri 600, ruwan da ke ɗaure cikin jikin yumɓu ya fita, ya zama wani abu dabam. Ko ka jiƙa shi shekara dubu ba ya komawa taɓo. Dalilin da ya sa ke nan siffofin Nok suka kwana cikin ƙasa fiye da shekara 2,000 ba su narke ba.

Maginan Nok sun yi duk yankansu a hali na biyu. Sukan gauraya yumɓu da dakakken dutse don kada ya tsage, su ɗora shi zobe bisa zobe kamar yadda mai ginin tukwane ke yi, cikinsa kuwa rami ne. In ya sha iska sai su sassaƙa ido da leɓe da kitso, su huda ƙwayar ido da hanci da baki da kunne. Hudar nan ta ƙara wa fuskar rai, ta kuma ba tururi hanyar fita a cikin wuta, domin tururin da ya rasa ƙofa shi ke fasa tukunya. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Haka yumɓu ma.

Mai sa tayil na yau ba shi da wannan dama. An riga an gasa masa tayil a masana'anta, ko ta Ajakuta a Jihar Kogi, ko ta Jihar Ogun, ko ta Sin ko Sifen ko Italiya, kowane da awonsa. Ɗaki kuwa ba ya tambayar awon tayil kafin a gina shi. Tilas ke nan a yanka abin da ya riga ya gasu.

Yadda Mutanen Dā Su Ke Yi

Shimfiɗa gasasshen yumɓu a ƙasa ba baƙon abu ba ne gare mu. A ƙasar Hausa mata kan taru su yi daɓe da tsakuwa da ruwan makuba, suna bugu da madaɓi, wani wuri kuma akan jera tsingaro a ciki don ado da ƙarko. A Ile-Ife, wajen shekara 700 ko 800 da suka wuce, an daɓe tsakar gidaje da tsingaro wanda aka kakkafa a tsaye bisa gefensa, layi-layi kamar ƙayar kifi, har yau ana tono sauransa. Kayan aikinsu guda biyu ne, abin ƙwanƙwasawa da dutsen gogewa. A fasa tsingaro da kaɗan-kaɗan har ya kusa siffar da a ke so, sa'an nan a goga bakinsa a dutse ya daidaita.

A birnin Fas na Maroko kuwa, har yanzu masu yin adon zalij da hannu su ke yankansa. Ana zana siffa a bisa tayil mai launi, a ɗora shi a bakin wani ƙarfe, a sassare shi da wata guduma mai faɗin baki da kaifi, har a fid da tauraro ko lauje. Wannan ya yiwu ne domin yumɓun nasu bai sha wuta ainun ba, yana da sauran taushi. Duk kayan aikin da zan ambata nan gaba, in kun lura, jikokin waɗannan biyu ne, wani yana fasawa, wani yana gogewa.

Yawan Wuta, Yawan Tauri

Wutar fili wadda masu tukwane ke hurawa da itace da ciyawa takan tsaya tsakanin digiri 600 da 900. Abin da ta gasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Shi ya sa randa ke tsattsafo, ruwanta ya yi sanyi. In aka ƙara zafi cikin tanderu, wani dutse da a ke kira feldisfa, wanda aka niƙa cikin yumɓun, sai ya fara narkewa ya zama kamar gilashi, ya toshe ƙofofin nan. Irin wannan aiki ne Michael Cardew ya kawo tsohuwar Abuja, wadda a yau a ke kira Suleja, inda ya buɗe makarantar koyon tukwane a farkon shekarun 1950. A nan ne Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga a 1954, ta riƙa gina tulunan Gwari da hannu ana gasa su da wuta mai tsanani.

Tayil iri biyu ne babba. Akwai na bango, mai ja ko farin baya, wanda a ke gasawa da zafin da ya ɗara digiri 1,000. Wannan yana shan ruwa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma yana da sauƙin yanka. Akwai kuma wanda a ke kira fosilin, wanda a ke yi da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, da feldisfa da yashi, a gasa shi da zafin wajen digiri 1,200. Ruwan da ya ke sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Shi ne mai ƙarko a ƙasan ɗaki, shi ne kuma mai cinye ƙarfen yanka.

Ma'aunin Tauri

Ga doka guda wadda na ke so kowane yaro ya haddace: abu ba ya karce abin da ya fi shi tauri. A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu goma, daga mai taushi zuwa mai tauri, kowane yana karce na ƙasa da shi. A bisa wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2 da rabi, wuƙa da gilashin taga wajen 5 da rabi, feldisfa 6, farin dutsen ƙanƙara 7, daimon kuwa 10, ba na sama da shi. Fuskar tayil takan faɗa tsakanin 5 da 7, fosilin ma wani ya ɗara haka.

Kun ga ke nan dalilin da ya sa zarto da magagari ba su da amfani a nan. Tayil ya fi su tauri, haƙoransu ne za su cinye. Sai da aka sami abu biyu masu araha sa'an nan sana'ar ta sauƙaƙa. Na ɗaya shi ne kabaid, watau ƙarfen tangistin da aka haɗa da sinadarin gawayi, wanda taurinsa ya kai wajen 9. A Jamus aka gano yadda za a ƙera shi a 1923, ba da daɗewa ba kamfanin Krupp ya fara sayar da shi da sunan Widia. Tamar tangistin kuwa, wadda a ke kira walfaram, ana samunta tare da kuza a ƙasarmu, misali a Riruwai ta Jihar Kano. Na biyu shi ne daimon na haɗi, wanda kamfanin General Electric na Amurka ya yi nasarar yinsa a ƙarshen 1954. Tun daga nan garin daimon ya zama kayan aikin magina.

Kayan Aiki Shida

Na farko, mayanki mai wili. Wannan faranti ne dogo mai sandunan ƙarfe, da hannu mai zamewa a kansu, a ƙarƙashin hannun kuma akwai ɗan wili na kabaid wanda bai fi bakin yatsa ba. Wasu 'yan'uwa ne masu suna Boada suka ƙera irinsa a 1951 a garin Rubi, kusa da Basalona ta Sifen, sunan garin ne ma ya zama sunan kayansu. Ko da ya ke ana ce masa mayanki, ba yanka ya ke yi ba. Karce ya ke yi, sa'an nan a danna tayil ya karye. Ku tuna yadda a ke karya rake. Ana ɗan tsaga shi da wuƙa, a kama gefe biyu a lanƙwasa, sai ya karye daidai wurin tsagar. Gasasshen yumɓu yana jure danni ƙwarai, amma ba ya jure ja. In aka danna gefe biyu na tayil alhali tsakiyarsa na bisa tudun ƙarfe, fuskarsa ta sama tana so ta buɗe, sai tsagewa ta nemi wurin da ya fi rauni, watau layin da aka karce, ta bi shi har ƙarshe. Sau ɗaya tak a ke jan wili, da ƙarfi daidai daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya ja sau biyu ya yi wa tsagewa hanya biyu, ita kuwa sai ta zaɓi wadda ta ga dama. Wannan mayanki ba ya son lantarki, ba ya ta da ƙura, ba ya cin kome daga jikin tayil. Aibinsa shi ne miƙaƙƙen layi kaɗai ya sani, daga baki zuwa baki, kuma siririn yanki wanda bai kai faɗin yatsa ba yakan gagare shi.

Na biyu, injin hannu mai faifai, wanda magina ke kira giranda. Ku sa yara su duba faifan tayil da kyau, za su ga ba shi da haƙora. Garin daimon ne aka dasa cikin ƙarfen bakinsa, yana goge tayil ya mai da shi ƙura. Ƙarfen da ke riƙe da daimon yana cinyewa sannu-sannu, sabon daimon yana fitowa. In faifai ya yi santsi ya daina ci, sai a yanka bulon siminti da shi sau biyu ko uku, yashin bulo ya kankare ƙarfen, kaifi ya dawo. Faifai mai baki ɗaya sumul shi ne na tayil, domin ba ya ɓanɓare fuska. Mai gibi-gibi na kankare ne da bulo. Da giranda a ke fid da kusurwa, kamar wurin da tayil zai zagaye ginshiƙi ko bakin ƙofa. Gwani yakan fara huda ɗan rami a lungun kusurwar kafin ya yanka, domin tsagewa daga lungu mai kaifi ta ke tashi, zagayayyen rami kuwa yana tsai da ita.

Na uku, injin tebur mai ruwa. Shi ma faifan daimon ne, amma an kafa shi a tebur, ruwa na zuba a kansa kullum. Ruwan yana sanyaya faifai, yana kuma kama ƙura. Shi ya fi kowane fid da baki mai kyau, shi ne kuma na fosilin mai kauri da mabul da giranit. Giranit, watau irin dutsen da ke Kagoro, ƙwayoyi ne dabam-dabam a haɗe, saboda haka in an karce shi an danna, tsagewa ba ta bin layi, tilas sai an yanka shi har ƙasa.

Na huɗu, awartakin tayil, mai kama da filaya amma bakinsa kabaid ne. Da shi a ke gutsure tayil kaɗan-kaɗan kamar ɓera na cin ƙuli-ƙuli, in ana son lauje wurin da famfo zai wuce. Wanda ya yi babbar loma ya fasa tayil. Wannan shi ne magajin gudumar mutanen Fas.

Na biyar, mahudi. Ƙananan ramuka na ƙusa ana yinsu da baki mai kama da kan mashi, manyan kuwa da wani zagayayyen baki kamar bakin gwangwani, mai garin daimon. Ana liƙa ɗan tef a wurin don kada baki ya zame, a tafi a hankali, ana ɗiga ruwa. In injin hudar yana da maɓallin dukan kankare, a kashe shi, in ba haka ba tayil ya tarwatse.

Na shida, dutsen goge baki. Sabon yanka yana da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. A goga shi da dutsen washi kafin a ɗora, kamar dai yadda mutanen Ife suka yi wa tsingaronsu.

Lissafi Kafin Yanka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai sa tayil da ya san aikinsa yakan gama lissafi kafin ya buɗe kwali. Ga misali wanda za a iya ba 'yan aji shida. Ɗaki ne mai tsawon santimita 420 da faɗin 350, tayil kuwa 40 ne ta kowane gefe. Don sauƙi mu bar zancen ɗan filin da a ke bari tsakanin tayil da tayil.

In aka bi ta yawan fili, ɗakin murabba'in mita 14.7 ne, tayil guda kuwa 0.16, sai a raba a sami 92. Amma bari mu shimfiɗa mu gani. A tsawo tayil 10 za su shiga, saura santimita 20. A faɗi 8 za su shiga, saura 30. Cikakku ke nan 80. Gefen da ya rage 30 yana bukatar yanki 10, kowane daga tayil guda, domin ragowar santimita 10 ba ta da amfani a ɗakin. Gefen da ya rage 20 yana bukatar yanki 8, amma tayil guda na ba da biyu, watau tayil 4. Lungu kuma yana cin guda. Jimla 95, ba a fasa ko ɗaya ba tukuna. Shi ya sa a ke ƙara kashi 10 cikin 100 bisa lissafin fili, a sayi wajen 101, domin in an koma kasuwa bayan wata guda da wuya a sami launin da ya yi daidai da na farko.

Wajen auna yankin bango akwai wata dabara da ba ta bukatar ma'auni. Ɗora tayil ɗin da za a yanka daidai bisa cikakken tayil na ƙarshe. Ɗauki wani ka ɗora a kansa, ka tura shi har ya kusa taɓa bango, ka bar ɗan fili. Ja layi da fensir a bakin na saman. Abin da ya leƙo a waje daga na ƙasan shi ne zai cike gurbin, ko da bangon a karkace ya ke.

Haɗarin Sana'a

A nan ne na fi so malamai su tsaya su yi bayani. Ƙaramar giranda mai faifan santimita 11 da rabi tana juyawa wajen sau 11,000 a minti guda. Kewayen faifan santimita 36 ne. In yara suka ninka za su ga bakinsa yana gudun kusan kilomita 4 a minti, watau wajen kilomita 238 a sa'a. Da wannan gudu ne ɓarɓashin tayil ke tashi, da shi ne kuma gutsuren faifai ke tashi in ya fashe. Duk da haka za ka ga an kwance murfin kariya an yar, wai don a ga layi sosai, ko don a ɗaura babban faifai a ƙaramin inji. Babban faifai ba a yi shi don wannan gudu ba. Kada a cire murfi, kada a yi yanka ba tabarau, kada a canja faifai sai an zare waya daga wuta.

Haɗari na biyu ba ya zub da jini, shi ya sa a ke raina shi. Farar ƙurar da ke tashi daga tayil da giranit garin ƙanƙara ne, kuma wanda ya fi cutarwa shi ne wanda ido ba ya gani. Yana shiga can cikin huhu ya zauna, huhu ya yi ta yin tabo yana ƙandarewa. Likitoci na kiran cutar silikosis. Takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, ta fara da tari da haki in an hau tudu. Ba ta da maganin warkewa, kuma mai ita ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Ɗaura hankici a hanci ba ya tare wannan ƙura, sai takunkumin da aka yi domin ta, irin mai lambar N95, wanda ya kama fuska sosai. Rigakafin kuwa shi ne, duk yankan da mayanki mai wili zai iya, a ba shi. Wanda ya gagare shi a kai injin ruwa. In ba makawa sai giranda, a fita fili, iska na kaɗa ƙura nesa da mutane, a kuma yayyafa ruwa kafin a yi shara. Wasu sukan sa yaro ya riƙa matsa ruwan leda bisa faifai ana cikin yanka. Ƙura kam tana raguwa, amma girandar da ba a yi ta don ruwa ba tana iya jan mai riƙe da ita, yaron kuma fuskarsa na dab da faifai. Wannan ba abin yi ba ne.

Yadda Za A Koyar A Aji

Gani ya kori ji. Darasin nan ba ya bukatar kayan tsada. A sa yara su kawo alli, da ƙusa, da tsingaron tukunya, da gutsuren tayil daga inda a ke gini, da farin dutsen ƙanƙara daga rafi. Su gwada kowane bisa kowane, su rubuta wanda ya karce wani, su jera su da kansu. Ta haka sun yi nasu ma'aunin tauri.

Gwaji na biyu, a auna nauyin tsingaro da na gutsuren fosilin a bushe, a jiƙa su kwana guda, a goge, a sāke aunawa. Misali, in tsingaro ya tashi daga giram 200 zuwa 230, ya sha kashi 15 cikin 100 ke nan. Fosilin kuwa da ƙyar ma'aunin aji zai nuna ya ƙaru. Gwaji na uku, kowane yaro ya yi fale-falen yumɓu biyu, ya yanka ɗaya da wuƙa ran da ya sha iska, ɗayan kuma a bari ya bushe sarai, a karce shi da ƙusa, a ɗora bisa fensir a danna. Malami ne kaɗai zai taɓa gilashi ko tayil mai kaifi.

Akwai gargaɗi guda. A wannan ƙasa tamu yaro na iya kawo tsingaro daga gona ya zamana gutsuren hannu ne ko kitson wata siffa ta Nok. Kada a yi gwaji da irin wannan. Mahaƙa na ɓoye sun riga sun lalata wurare da yawa sun sayar da kayan ƙetare, kuma dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana ciniki da kayan tarihi ko fita da su ba da izini ba. A tambayi yaro inda ya samo, a rubuta, a sanar da ma'aikatan hukumar a Nok ko Jos ko Kaduna. Wurin da aka tsinci abu yana da amfani ga masu bincike kamar abin kansa.

Tambayoyi

1. Don me maginan Nok su ke huda idon siffofinsu kafin gashi?
2. Don me zarto ba ya yanka tayil? Yi bayani da ma'aunin Mohs.
3. Me zai faru in aka ja wilin mayanki sau biyu a layi guda?
4. Ɗaki mai tsawon santimita 330 da faɗin 300, tayil 60 ne ta kowane gefe. Cikakku nawa za su shiga, nawa za a yanka, nawa ne jimla?
5. Wani almajirin magini ya ce ƙura ba ta kome tun da ya ɗaura hankici. Wace amsa za ka ba shi?